Idanun Lakshmi

"Ki bari in buɗe mata ido tukuna," in ji Baba Kuppusami. "Asibitin ba gudu zai yi ba."

Yana zaune a dakalin gidansa, wanda ke manne da namu, gumi ya jiƙa masa wuya. A cinyarsa allahiya Lakshmi ce ta tagulla, tsawon tafin hannu, wadda innata ta sa ya ƙera don ɗakin bautarmu. Tun ina Rasha karatun likita ya siffanta ta da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓun kogin Kaveri, ya zuba narkakkiyar tagulla. Kambi ya fito, furen hannunta ya fito. Saura ido. Shi ake sassaƙawa a ƙarshe, a sa'ar da malamin haikali ya zaɓa. Kafin nan ƙarfe ce kawai, ba a kunna mata fitila. An zaɓi washegari da hantsi.

Na kama wuyan hannunsa. Bugun bai yi mini ba.

"Baba, zuciyarka ce. Yau za mu tafi."

"Ku ji Likitar Rasha. Jiya-jiya kike satar mini kaki kina taunawa."

"Su duba ka kawai. In ka dawo ka yi mata ido huɗu ma."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Matarsa Valliyammai tana tsaye bakin ƙofa. Ba mijinta ta duba ba, ni ta duba.

"Kamakshi, ke kika yi karatu. Abin da kika ce shi za a yi."

Na ce a kira keke mai ƙafa uku.

Kafin ya shiga, ya naɗe Lakshmi a farin ƙyalle, ya miƙa wa innata. "Ki binne ta cikin shinkafa har in dawo. Kada ki ba kowa. Maƙeran layin nan idon kifi suke sassaƙawa."

A asibitin Kumbakonam aka ba shi gado kusa da taga. Washegari da hantsi na same shi zaune, ya cinye abin karinsa tas, yana ɓare ayaba. Ya dubi rana a jikin bango.

"Yanzu ne fa," ya ce.

Ya miƙo hannun damansa, ya buɗe yatsu a gaban fuskata.

"Duba, Likita. Ko rawa ba ya yi."

Na duba. Ba ya yi. Na ce ya kwanta ya huta.

Da yammacin ranar ya cika.

Bayan an ƙone gawa, Valliyammai ta riƙe hannuna a tsakar gida. "Kin yi ƙoƙari, 'yata." Na so ta faɗi wani abu dabam.

Da makoki ya wuce, na ce wa innata akwai maƙera da yawa a garin Swamimalai, zan kai wa ɗaya ya ƙarasa.

"Ya ce kada in ba kowa."

"Inna, ai ba zai dawo ba."

"Na sani. Ni ma na je makokin."

Ba mu sake maganar ba. A ɗakin bauta akwai gurbin Lakshmi tsakanin gunkin Ganesha da fitila, innata tana share shi kullum.

Ni nake ɗibar shinkafar girki yanzu. In shinkafar cikin garwa ta yi ƙasa, yatsuna kan taɓa ƙyallen, in ji kambin, in ji santsin fuskar a ƙarƙashinsa. Sai in buɗe sabon buhu in zuba a kai.