Sarewar Kara

Roda ta ɗora hannun 'yarta a kan cinyarta, ta shafa masa man da aka ba su a asibiti, sannan ta fara miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tun ba ta kai na biyu ba Lidiya ta fizge, ta ruga bayan randa ta tsuguna.

"Mama, gobe. Gobe zan yarda."

"Jiya ma gobe kika ce. Kuma yau ne ranar asibiti."

Yarinyar ta cusa hannun a hammata, ta juya fuska ga bango.

A farkon sanyin bana ne abin ya faru. Yaran gidan hayarsu na unguwar Yelwa sun kewaye kaskon wuta da safe suna jin ɗumi, aka yi 'yar turereniya, Lidiya ta dafa garwashi da hannun dama. Ciwon ya warke, amma sabuwar fatar tana jan yatsun ciki, kamar mai ɓoye gyaɗa a tafin hannu. Sista Margret ta asibiti ta ce a riƙa miƙar da su safe da yamma, in ba haka ba sai an tura ta Yola an yi mata aiki. Tun daga nan yarinya 'yar shekara bakwai ta fara gudun uwarta. Ko kitso ba ta zuwa sai an kamo ta. Roda kuwa ta tura kaskon ƙarƙashin gado, ta ce ba mai sake hura wuta a tsakar gidan nan, mai jin ɗari ya shiga rana.

Mijinta Ishiyaku yana Yola wajen kwas na malamai. Mahaifinsa, Baba Zira, da ya ji labari, sai da ya gama girbi sannan ya sauko daga duwatsun Michika da buhun dawa da damin kara. Roda 'yar ƙabilar Gude ce, su kuma Kamwe ne. A ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu da Ishiyaku, Hausa ta zama harshen gidansu. Tsohon ba shi da Hausa sai ta gaisuwa da cinikin akuya, Lidiya ba ta da Kamwe sai ta gaisuwa. Duk da haka wuni suke yi a bayan ɗaki, yana feƙe mata sarewa da kara, tana busawa har maƙwabta suka fara tsokana wai an buɗe gidan rediyon Gongola a Yelwa.

Jiya da yamma ne Roda ta ji ƙaurin hayaƙi. Ta zagaya bayan ɗaki ta tarar da garwashi a cikin fasasshiyar tukunya, tsohon yana gasa ƙusa, Lidiya ta durƙusa dab da wutar. Ba ta san lokacin da ta kwara ruwa ba. Ta ɗaga wa surukinta murya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tattara sarewun duka ta watsa su cikin itace a madafa. Shi dai cewa ya yi, "Wuta kaɗan ne, 'yata."

Yau da safe ya amsa gaisuwarta, ya ja bargonsa ya zauna a rana, hannunsa ba komai.

Roda ta ƙyale yarinyar a bayan randa, ta shiga madafa don ta dama kunu kafin su tafi. Itacen ya ƙi kamawa. Ta miƙa hannu ta kwaso sarewun, ga busasshen kara, nan da nan zai ci. Tana ta mita a ranta: yaro ɗaya, me zai yi da sarewa har bakwai, kuma duk kukansu ɗaya? Ta buga gindinsu a ƙasa don ta daidaita su ta karya. Sai ta tsaya.

Tsawonsu ɗaya, amma hujojin ba su daidaita ba. Wadda ta fi tsufa, wadda man asibiti ya ɓata wa jiki, hujojinta a matse suke. Ta biyu sun ɗan buɗe, da ƙyar ido zai gane. Ta uku sun ƙara. Haka suka tafi har ta ƙarshe, wadda huji biyu kawai aka yi mata, sauran kuma ɗigon gawayi ne aka sa a inda ƙusa za ta shiga.

Nan ta gane: kowace sabuwa sai yatsu sun ƙara buɗewa kafin su kai hujojinta. Sannan ta goge sarewun da gefen zaninta ta fita.

"Baba."

Ya ɗago kai. Ta durƙusa ta jera su a kan tabarmarsa, daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Ya leƙa wajen randa, ya rage murya, yana taɓa su ɗaya ɗaya, yana bayani da guntuwar Hausarsa.

"Wannan, ya busa. Wannan, ya busa. Wannan, ya yi kuka kaɗan. Ya busa."

"Ba ta sani ba?"

"In ya sani, ya ƙi."

"To yaya kake raba ta da tsohuwar?"

Bai gane ba sai da ta kwatanta da hannu. Ya ɗauki ɗaya ya busa ta a karkace, ta yi wani kuka kamar na ɗan akuya, ya yamutsa fuska, ya cilla ta gefe kamar abin banza. Dariya ta kuɓuce wa Roda, hawaye suka biyo ta.

"Baba, ka yi haƙuri da jiya."

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Uwa ne," ya ce.

Su uku suka tafi asibitin, tsohon a baya da bargonsa. Benci cike yake da mata da yara masu tari da majina, wannan na rarrashi da Fillanci, waccan da Margi, kowa ya naɗe ɗansa a zani. Hantsi ya yi sosai kafin a kira su.

Sista Margret mace ce mai jiki da sanyin murya. Ta ja kujera kusa.

"Amarya, buɗe mini in gani. Ko goron bikin kika ɓoye mini?"

Lidiya ta cusa hannun a hammata. Da sista ta jawo shi a hankali, sai yarinyar ta dunƙule shi tam. Aka yi lallashi, aka yi alkawarin alewa, a banza. Sista ta nisa, ta zaro biro daga aljihu.

"Maman Lidiya, ba na so, amma ba zan ce na ga abin da ban gani ba. Gara likitan Yola ya duba tun fatar ba ta gama ƙarfi ba."

Roda ta kwance bakin zaninta ta fito da sarewa, ta shida, wadda aka gama. Ta miƙa wa 'yarta ba tare da ta dubi hannun ba.

"Sista ba ta taɓa jin busarki ba. Ta ce wai yaran Yelwa ba su iya komai ba sai cin rake."

Lidiya ta harari sista. Ta dubi kakanta da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ɗaga mata gira. Ta karɓa da hagu, ta sa a baki, sannan hannun dama ya fito da kansa.

Waƙa ce gajera mai komawa baya, tana hawa tana sauka. Sista Margret ba fuskar yarinyar take kallo ba. Manuniya ta miƙe ta toshe hujinta, ta tsakiya ta bi, ta kusa da ƙarama ta yi rawa ta kai da ƙyar. Ƙaramar ce kaɗai ta rage a lanƙwashe.

"Sake," in ji sista.

A karo na biyu leɓunan sista suka fara motsi. A na uku tana rerawa ƙasa ƙasa da Kamwe. Tsohon ya shigo ɗakin ba tare da an kira shi ba, magana ta ɓarke tsakaninsu, wadda Roda ba ta taɓa jin ya yi mai tsawonta ba tun zuwansa.

"Waƙar korar tsuntsaye ce daga gonar dawa," sista ta gaya mata. "Rabona da ita tun ina kamar wannan." Ta mayar da biron aljihu. "Ku dawo bayan Kirsimeti. Ƙaramar nan ce ba ta sallame mu ba tukuna, kuma miƙarwa da hannu ba za a daina ba, ko ta yi kuka."

Tsohon ya ƙara wata magana, yana nuna Roda da haɓa.

"Ya ce man da kike shafawa kullum ne ya sa fatar ta yi laushi. Wai ke kika ɗauki mai ɗacin, kika bar masa mai zaƙin."

Roda ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Da la'asar, sanyi ya fara saukowa daga duwatsu, ta durƙusa ta jawo kaskon daga ƙarƙashin gado. Ta karkaɗe shi, ta zuba garwashi daga murhu, ta ɗauko da kanta zuwa tsakar gida. Ta ajiye shi a gaban surukinta, ta zauna tsakanin wutar da 'yarta. Yaran maƙwabta suka fara leƙowa, ta nuna musu tabarma can nesa kaɗan, suka jeru.

Tsohon ya sa ƙusa a wuta, ya ɗauko sarewa ta bakwai. Roda ta faki idon Lidiya, ta sa farce gaba da ɗigon gawayin, ta dube shi. Ya girgiza kai, ya mayar da farcen nata baya da rabi. Ta gyaɗa kai. Ƙusa ta shiga karan, ɗan hayaƙi ya tashi.

Kafin a gama, Roda ta ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin ta busa. Ta yi kukan ɗan akuya, yara suka kwashe da dariya.

"Mama, ba haka ake yi ba."

"To ni wa ya koya mini?"

Lidiya ta matso har gwiwarta ta taɓa ta uwarta. Ta zaro hannun daga hammata, ta kama yatsun Roda da shi, ta fara ɗora su a kan hujojin ɗaya bayan ɗaya.

"Ki saki hannunki," ta ce. "Ba zafi."