Hukuncin da Ke Gefen Shafi

Ɗan ludon ya gama birgima a kan teburin yankan yadi, ya tsaya a kan shida. A cikin wasan, dodon kogo ya sari maharbin Yaya, a daidai zagayen da kibiyar maharbin ta soke shi.

Hukunci ya rage ga Tela, don shi ne alƙalin wasan. Shekara shida ke nan suna haɗuwa duk Asabar a bayan shagonsa, alƙali ya ba da labari, kowa ya ja jarumin da aka rubuta masa a takarda. Tun da ɓarin jikin Yaya ya shanye, ba abin da ke fito da shi daga gida sai maharbin nan. Tela yana tsoron in maharbin ya mutu, ɗaki zai sake haɗiye yayansa.

"Shafi na arba'in na littafin dokokin wasan ya ce mai sauri ke fara bugu," in ji Direba. "Maharbi ya riga shi, shi ke nan."

"Na sittin kuma ya ce bugun zagaye ɗaya tare yake sauka," in ji Malamar Lissafi, wadda ba ta iya ganin kuskure ta kau da kai. Direba ya harare ta.



Ƙa'idar teburinsu ita ce, in littafi ya yi baki biyu, a rubuta hukunci da fensir a gefen shafi, ya zauna ke nan har abada. Tela ya buɗe shafi na sittin yana addu'ar ya tarar da gefen fari fat. Sai ga rubutu tsaf-tsaf, na hannun da yanzu ko cokali ba ya riƙewa. Yaya ne ya yi shi, zamanin da yake alƙalanci ba sani ba sabo.

"Ya goge," in ji Tela. "Ba ya karantuwa."

"Miƙo nan, ƙanena."

Yaya ya kusanto da littafin, ya karanta a hankali: "Duka biyun su mutu. Kada wanda ya zo yana roƙona."

Kafaɗarsa ta fara rawa. Tela ya zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Jarumin Direba na kashe ranar da na rubuta wannan, har da hawayensa," in ji Yaya.

"Abu ne ya faɗa mini ido, Yaya," in ji Direba.

Sai a sannan Tela ya sauke numfashi. "To, maharbin fa?"

"A binne shi da dodonsa. Dama ya ishe ni, ya cika kirki." Yaya ya tura masa fensir. "Ɗauko sabuwar takarda, ni in faɗa kai ka rubuta. Ɓarawo nake so ya zama jarumina wannan karon. Asabar kuma ka zo ɗaukata da wuri."