Gajiyar Shekara Talatin

A bakin ofis suka shirya: akawu zai rubuta wa tsohon direba takardar neman hutu da Turanci, shi kuma ya riƙa sauke shi gida har mako guda.

"Baba, 'I am tired' zan sa, wato na gaji. 'I am tiring' kuwa, kai ne ke gajiyar da mutane."

Direba na hamma, bai ji ƙarshen ba. "Sa mai tsawon, ɗana, ta fi cika baki. Gajiyar shekara talatin ce fa."

Akawu ba shi da ƙarfin gardama, ya rubuta.

Manaja ya karanta, ya ce, "Wannan kam mun daɗe da sani," ya miƙa wa direba makullin mota.

Akawu ya sha mota mako guda. Direba ko hutun yini ɗaya bai samu ba.