Man Shanu a Birki

Shekara ta biyu ke nan ruwa yana yaudarar mutanen Gobir. Ya sauko sau uku, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan sama ta washe kamar ba ta taɓa sanin hadari ba. Manoma suka yi asarar iri, makiyaya suka yi ta jan mushe. Usmanu na Gangara, Bafulatanin da a da sai ya hau tudu yake hango ƙarshen garkensa, ya wayi gari da shanu huɗu masu tafiya suna tangaɗi. Ya haɗa biyu da na ƙanensa Yari, ya sayar da biyu a kasuwar Sabon Birni, ya dawo gida da wani tsohon jan babur da ya riga ya ratsa hannu uku.

Da shi yake ɗaukar mutane da buhunan garin kwaki tsakanin ƙauyuka, kuma ba laifi, tukunya tana hawa wuta. Amma fa makiyayi makiyayi ne. A inuwar aduwa yake ajiye babur ɗin, daidai inda turken maruƙa yake a da. Da safe sai ya shafa bayansa ya tambaye shi kwana. In rana ta take, ya lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Maƙwabcinsa Bawa, wanda ya taɓa zaman rumfar makanikai a Sabon Birni, kullum sai ya leƙo ta kan danga ya ce, "Bahillace, an yi tatsa ko tukuna?" Usmanu ya yi murmushi kawai. Abin da ba ya faɗa wa kowa shi ne, har yanzu yakan farka da asuba ya kasa kunne ko zai ji numfashin shanu a bayan ɗaki.

Ranar wata kasuwa ya haɗu da Yari, wanda ke zaune da shanu da mahaifiyarsu a Tozai. Yari ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ja yayansa gefe.

"Hamma, mun yanke shawara. Tozai babu sauran abin da saniya ka sa ma baki. Juma'a da asuba muna tashi, kudu munka nuhwa, kuma ban san ranar komowa ba."

"Inno hwa?"

"Ita ta sa nike nemanka. Ƙahwahunta sun kumbura, tahiyar ga ba tata ba ce. Ka zo ran Alhamis ka ɗauke ta. Ka san ba ta cewa komi. Ni za ni ce nauyi ta yi muna, in kore ta, sai ta samu hanyar bin ka."

Usmanu ya gane. Shi ne ɗan farin Inno, kuma Bafulatana ba ta nuna son ɗan fari. Shekara hamsin da haihuwarsa, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya shigo, sai ta juya ta kama wani aiki. In za ta ba shi fura, sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta ce wa iska, "Ga abin nan." Kunya ce ta gado, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Sanin bai hana shi kwaɗayin ranar da za ta zauna a tsakar gidansa ba, ko da bayanta za ta ba shi, ya dai riƙa ganin ta safe da yamma.

Ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Matarsa Habi ta share ɗakin gabas, ta yaɓe tsagar bango. Shi kuma ya tasa babur a gaba. Birkin gaba tun a hannun mai shi na biyu ya mutu, na baya kaɗai ke aiki, shi ma da an taka sai ya kurma wani ihu mai shiga haƙori. Jakuna kan watse in sun ji shi. Inno kuwa ko ƙarar injin niƙa ba ta so, ba ta kuma taɓa hawa abin da ba ya numfashi ba. Yaya za a ɗora tsohuwa a kan abu mai kuka haka?

Ranar Laraba da la'asar ya kwance tayar baya, kamar yadda ya ga Bawa yana yi. Ya zare kwanon birki, ya ga takalman birkin nan biyu masu lanƙwasa, sun bushe ƙayau, sun yi fari. Sai tausayi ya kama shi. A saninsa, duk abin da ya bushe har yake kuka, mai yake nema: hantsar saniya in ta tsage, igiyar fata in ta ƙandare, ƙafar yaro in ta yi faso. Ya ɗaga murya.

"Habi, ina ɗan man nan naki?"

Habi ta leƙo daga ɗaki. Ɗan soyayyen man shanu ne a ƙaramar kwalba, na ƙarshe daga tatsar shanunsu, ko kitso ba ta yarda ta taɓa shi. Da ta ji don Inno ne, sai ta miƙo masa. Usmanu ya lakata da yatsa ya shafe takalman sama da ƙasa, ya bi cikin kwanon ya mulke, ya mayar da taya ya ɗaure noti. Ya tura babur ɗin a tsakar gida ya taka birki. Shiru kake ji. Ya dubi Habi yana ta fara'a, ita ma ta yaba.

Alhamis da hantsi ya kama hanyar Tozai, ya ɗaure matashi a kujerar baya. Hanyar yashi ce, babu abin da ya sa shi neman birki sai da ya iso gaɓar gulbi, inda hanya ke sulalawa ƙasa zuwa busasshen kwari. Ya taka. Babur ya ci gaba da tafiyarsa. Ya sake takawa da dukan ƙarfinsa, yana yi masa irin tsawar da ake yi wa bijimi, abin ya ƙara wuta. Sai ga Usmanu a can, babur a can, matashi a wani wuri. Fatar hannunsa ta sale daga gwiwa zuwa wuyan hannu, sandar birki ta lanƙwashe ta shige cikin taya, tayar ta ƙi juyawa.

Janyo shi ya yi ta yi cikin yashi, ɗaga nan, turo can, sai bayan azahar ya iso gida. Bawa bai dawo daga daji ba sai la'asar sakaliya. Da ya zare kwanon ya kai hanci, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Man shanu! Usmanu, tuwo za ka ci da shi? Birki da bushewa shika kamawa, kai kuma ka yi mashi wankan amarya!"

Ya fara dariya, amma da ya dubi fuskar maƙwabcinsa sai dariyar ta koma ciki. Usmanu ya ce a hankali, "Inno na can tana jira na, Bawa."

Bawa bai ƙara zolaya ba. Sababbin takalma babu su ko a Sabon Birni a shekarar, sai dai a ceci waɗannan. Suka wanke su da fetur, suka bari suka sha iska. Habi ta kawo garwashi a kasko, Bawa ya riƙe su da awartaki a kan zafin, man ya riƙa tsattsafowa yana ƙyalli, a goge, a sake ɗorawa. Ƙamshin ya cika gidan, ƙamshin safiyar da ake kaɗa nono, lokacin da akwai nonon. Habi ta shige ɗaki. Usmanu ya sunkuyar da kai yana dirzar kwanon da yashi, kewar shanunsa da ta uwarsa suka haɗu suka taso masa. Kafin a buge sandar ta miƙe a mayar da komai, an kira magariba, babur ɗin kuwa ba shi da fitila.

Gari na wayewa ya tashi. Birki ya kama, ihunsa ma ya dawo. Ya isa Tozai rana ta ɗaga, ya tarar da mashekarin shanun fayau, sai turaku da toka. Wata mata mai suna Larai, wadda gonarta ke daura da wurin, ta tsaya da itace a ka.

"Kai ne ɗan tsohuwar? Jiya tun da sahe tad ɗaure ƙunshinta, taz zamna gindin tsamiyar can. Ta ce iska taka sha. Ko ƙarar mi taj ji sai ta gyara lulluɓi. Har rana ta hwaɗi ba ta tashi ba."

Ya bi sawun shanu kudu. Shanun yunwa ba su da sauri, kafin azahar ya hango su a wani fako. Ya kashe inji tun daga nesa don kada su firgita, ya ƙarasa da ƙafa. Inno tana kan takarkari, san ɗaukar kaya, tsakanin ƙore da tabarmi, ƙafafunta a kumbure suna reto. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana duban wani wuri.

Yari ya matso ya rage murya. "Hamma, jiya na kore ta gaban kowa, kamar yadda munka shirya. Da ba ka zo ba, mata sunka dinga kallon ta. Yau ita ta riga kowa tashi."

Usmanu ya faɗi abin da ya faru, da ƙarfi, don ta ji. Ya ce ɗaki na nan a share. Ya ce birki ya gyaru, zai tafi a hankali kamar tafiyar jaki. Har ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Inno, don Allah ki sauko."

Matan ayarin duk suna saurare. Jiya an gan ta tana jiran ɗan fari wuni guda. A ce kuma yau ta sauko a gabansu ta bi shi, wannan ya fi ƙarfin abin da aka raine ta a kai. Inno ta gyara zama.

"Yari, ka ce ma mai babur ya koma, rana na yi." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka ce mashi ya ɗaure hannun nan, ƙuda na bin shi."

Ko sau ɗaya bai ga ta dubi hannun ba.

Aka kaɗa shanu. Usmanu ya tsaya a fakon yana kallon bayanta yana ƙanƙancewa. Can da nisa, inda babu ciyawa babu inuwa, ta ja igiya, takarkarin ya tsaya cik. Sauran shanu suka yi ta wuce shi ta dama da hagu. Ba ta waiwayo ba. Ta daɗe a haka, fuskarta kudu, bayanta gare shi, har na ƙarshen garken ya wuce. Sannan ta saki igiyar.