Jaririya Ɗaya, Zaure Biyu

"Sahabi! Fito ka gaya muna sunan ɗiyarka, don mu dai guda biyu muka gani!"

Muryar yayansa Labbo ce ta cika gidan. Sahabi ya fito a guje, hula a hannu, takalmi a ƙafa ɗaya. A ƙofar gidansa da ke Tudun Wadan Gusau an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, ragon suna na ɗaure a gindin dogon yaro. Motoci biyu sun tsaya gaba da gaba, ta danginsa daga Bungudu da ta dangin matarsa Jamila daga Tsafe, kowace ta sauke buhun robobin da za a raba wa mata.

Labbo ya ɗaga roba shuɗiya. An manna mata takarda: "Barka da zuwa Sadiya ƙarama." Safiya, ƙanwar Jamila, ta ɗaga ja: "Barka da zuwa Amina ƙarama."

Jaririya kuwa ɗaya ce tal.

Tun Jamila na da ciki aka so buɗe zaure ɗaya a waya, dangi biyu su haɗu. Mutanen Bungudu suka ce sai WhatsApp, domin nan ne Inna Delu, mahaifiyar Sahabi, ta iya danna alamar magana ta yi ta zuba son ranta. Mutanen Tsafe suka ce sai Telegram, domin Safiya ta rantse cewa hotunan barka da Juma'a sun gama cinye wayoyin gidansu, can kuwa bidiyon biki zai zauna bai dami kowa ba. Aka ja, aka ja, har an fara ɗauke gaisuwa. Sai Sahabi ya ce kowa ya zauna inda yake, shi zai shiga duka biyun ya riƙa kai saƙo. Kowa ya yaba hankalinsa.

Ranar da aka haihu, Inna Delu, wadda sunanta na yanka Sadiya, ta turo murya: "An ce mace ce. To, ni dai ban ce komai ba." Sahabi ya gane, ya yi alkawari. Bai ajiye wayar ba sai ga surukarsa Hajiya Amina a ɗaya zauren: "Allah ya raya. Kowane suna aka sa mai kyau ne." Ta bi shi da hoton fuska mai hawaye. Nan ma ya yi alkawari. Ya so ya gyara kafin ranar suna, amma kullum sai ya ce gobe. Ai ba mai ganin zauren wani.

Yanzu ga shi Labbo ya ja hannun rigarsa har tsakar gida, inda tsofaffin biyu ke zaune kan tabarma ɗaya, kowace ta juya wa 'yar'uwarta kafaɗa. Sahabi ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Yaya Labbo, don Allah a bi abin a hankali."

"A hankali za mu bi shi," in ji Labbo. Ya danna wayarsa.

Muryar Sahabi ta fito tangaram: "Inna, wa nake da shi a duniya da ya wuce ki? Yarinya taki ce, sunanki za ta ci." Can baya zakara ya yi cara.

Safiya ta danna tata: "Hajiya, wa nake da shi a duniya da ya wuce ki? Yarinya taki ce, sunanki za ta ci." Zakaran ya sake cara.

Mata suka kwashe da dariya, wata har da sakin ludayi cikin tukunya.

"Zakara guda ne fa," in ji Inna Delu. "Wanga yaro ko wurin zama bai sake ba."

Hajiya Amina ta gyara mayafi. Ta dubi robobin ja, ta dubi jama'a, sai kunya ta kama ta. "A'a, Hajiya Delu, ai babu abin ja. Uwar uba ce ke. A sa sunanki."

Inna Delu ta zabura kamar an tsikare ta. "Ni? A je Tsafe a ce matar Bungudu ta yi wa baƙuwarta ƙwacen suna? Naki za a sa."

"Wallahi ban isa ba. Ke ce babba."

"Babba a ina? Ke kika haifi mai jegon, ko ni na yi naƙudar?"

Faɗan ya juya. Ɗazu kowace na so, yanzu kowace na tura wa ɗaya kamar garwashi. Mutanen Bungudu suka koma goyon bayan Amina, na Tsafe suka dage sai Sadiya. Labbo ya leƙa waje ya dawo.

"Liman ya ce a tambaya, ko tagwaye ne aka ɓoye ɗaya? Rana na yi, mahauci na da wani sunan a Sabon Gari."

Hajiya Amina ta buɗe baki za ta rantse, Inna Delu ta riga ta. "Na rantse da Allah, in aka sa sunana ko tsokar ragon nan ba ni taɓawa!"

An san Inna Delu da naman suna.

Hajiya Amina ta share ido da bakin mayafi. "To na karɓa. Amma zaure mu za mu taso mu same ku. Safiya, rufe wancan naki."

"Hajiya! Bidiyoyina fa?"

"Ki kalle su ke kaɗai."

Nan take aka zuba mutanen Tsafe cikin zauren Bungudu. Wayoyi suka yi ta ƙara a ko'ina cikin gidan. Aka damƙa wa Labbo da Safiya shugabanci.

"Shi kuma wanga," in ji Inna Delu tana nuna Sahabi da baki, "in ya sake turo murya a fidda shi. Kuma ta gaba tawa ce."

Daga cikin ɗaki Jamila ta ɗaga murya: "Inna, a bari in gama wankan wannan tukuna!"

Sahabi ya fita yana share gumi, ya raɗa wa liman. Aka shafa fatiha, maroƙi ya kwarara: "Sunan jaririya Amina!" Rago ya sha wuƙa. Sahabi ya sa hularsa, ya nemo ɗaya takalmin, ya fara karɓar barka da murmushi.

Sai ga Keke Napep ta tsaya daidai bakin tabarma. Wani dogon mutum da ba wanda ya san shi ya sauko da ƙatuwar akwati a kafaɗa, ɗaya hannun ya ɗaga waya sama, fuskar wata tsohuwa mai haƙorin Makka ta cika gilashin.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Malam Sahabi? Daga Jidda aka ba ni saƙon kayan jaririya."

Tsohuwar cikin wayar ta rangaɗa guɗa. "Sahabi ɗana! Goggonka Tambaya ce! Maza a ɗauko mini takwarata in gan ta!"

Labbo ya juyo a hankali. "Wannan kuma wane zaure ne?"

Sahabi ya cire hular da ya sa yanzun nan.

"Na manhajar Imo," ya ce.