Waya a Ƙirjin Manaja

"Ɗora min ita a ƙirji," in ji tsohon Manaja. "In ban ji ƙararta ba, na ji motsinta."

Direba ya ɗora masa wayar. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma shekara goma sha tara ya yi yana tuƙi a ƙarƙashin tsohon kafin kamfanin ya rufe, kowa ya kama gabansa. Yanzu wata makaranta na neman mai jan motar ɗalibai. Sun ce ya ba da sunan wanda ya san aikinsa, za su kira da kansu. Mutum ɗaya ya rage masa, ga shi kwance, ƙafafu a kumbure, ɗaki sai warin man zafi.

"Ka rubuta sunana tukuna, sannan ka zo neman izini. Halinka na nan."

"Me za ka ce musu, Baba?"

"Gaskiya. Taurin kai kamar jaki, amma ko kaza ba ka taɓa takawa ba."

"A bar zancen jakin mana."

"In na yabe ka duka, cewa za su yi ni na haife ka."

Kullum da safe Direba kan shigo ya juya tsohon, ya sa wayar a caji, ya duba ko an kira. Shi kansa ya daina sanin wanne ke kawo shi.

Ranar Talata da hantsi tsohon ya cika. Makaranta ta kira ranar Alhamis. Ofis ba ya sauri sai in kora zai yi. Matar marigayin ta ɗauka. Direba na tsakar gida yana naɗe tabarmi, yana jin komai.

"Ya rasu, ɗana. Amma ni na san direban. Sau tara ya kai maigidana asibiti, ina baya riƙe da kofin ruwa, ko ɗigo bai zuba ba."

"Allah ya jiƙansa, Inna. Mene ne muƙaminki a kamfanin?"

"Matarsa ce ni."

"Babu gurbin wannan a takarda. Ya kawo wani kafin Litinin."

Aka katse kiran. Ta miƙa wa Direba wayar.

"Na manta ban faɗi zancen jakin ba," ta ce.

Direba ya karɓa, ya shiga ɗakin. An jingine katifar da bango, an buɗe taga. Ya durƙusa ya sa wayar a caji.