Tsakuwar da Ke Bin Numfashi

Likita ta yi masa bayani tun kafin ya hau gadon. Tsakuwa ce a ƙodarsa ta hagu, girmanta kamar ƙwayar gyaɗa. Na'ura za ta riƙa aika bugun sauti mai ƙarfi ta kwiɓinsa har tsakuwar ta farfashe, ta fita da fitsari. In ta ƙi fashewa, sai tiyata.

Tiyatar ce ta tsaya wa Mai Ƙaho a rai. Busa yake yi a rukunin makaɗan badujala, kuma wanda aka yanka a kwiɓi yakan daɗe bai cika ƙirjinsa da iska ba. Shugaban rukunin ya riga ya faɗa masa cewa in jinya ta yi tsawo, wani zai hau kujerarsa.

"Baban yara, ka daure ka kwanta shiru," in ji matarsa a bakin ƙofa. "Ko da yake ban taɓa ganin ka yi ba."

"Yau za ki ji labari."

Ɗakin da sanyi. Nas ta shafa masa wani mai mai santsi, ta manna masa matashin roba cike da ruwa a kwiɓi. A allon na'urar tsakuwar ta fito fara, a tsakiyar alamar saiti. Aka fara. Tas, tas, tas, kamar ana ɗalla masa roba a wuri guda.

Ba a jima ba likita ta tsayar da na'urar.

"Malam, wane irin numfashi kake yi haka?"

"Irin na kowa, likita."

"Ba irin na kowa ba ne. Da ka shaƙa sai ƙodar ta sauka da tsakuwar, bugun ya tafi a banza. Namanka nake ta duka."

Tun yana saurayi aka koya masa shaƙar iska har ƙasan ciki, jikinsa bai san wata hanya ba. Ya yi ƙoƙari ya rage, amma da zafin ya ƙaru sai ya koma gidan jiya. Nas ta ɗaure masa ciki da wani faffaɗan bel. Bai hana ba.

Likita ta sake tsayarwa. "Ƙoda tana da iyakar bugun da za ta ɗauka. Mun cinye da yawa, tsakuwar ko gezau."

Mai Ƙaho ya kalli rufin ɗakin.

"Likita, ni a wurin aiki sandar shugaba nake kallo in san lokacin shaƙa. Juyo mini allon nan, ke kuma ki riƙa yi mini alama da hannu."

Ta juyo allon. Ya ga farin ɗigon yana hawa yana sauka tare da cikinsa. Ya tsuke baki ya fara sakin iska siririya, irin wadda ake jan dogon sauti da ita a hankali. Ɗigon ya hau, ya shiga alamar, ya zauna.

"Nan!" in ji likita. "Riƙe a nan."

Tas, tas, tas. In ta ɗaga yatsa sai ya ɗan kurɓi iska, in ta sauke ya ci gaba da saki. Gumi ya jiƙa matashin kansa. Gefen ɗigon ya fara dushewa, ya baje, sannan ya rabu gida-gida.

"Baba, ta fashe!" in ji nas.

"Kar ki sa shi magana," in ji likita. "Da saura."

Suka bi ragowar har ta zama kamar ƙura a allon.

Kwanakin da suka biyo baya ya sha ruwa kamar raƙumi, ya yi ta fitar da yashi, ya sha wuya ba kaɗan ba. Da ya koma aka sake ɗaukar hoton ƙodar. Likita ta duba ta sake dubawa.

"Babu komai. Ba mai yanka ka."

"In busa?"

"Je ka dami maƙwabta."

Ranar atisaye ya zauna a kujerarsa, ya goge bakin ƙahon da gefen riga. Shugaba ya ɗaga sanda. Mai Ƙaho ya shigo da ƙarfin da ya danne ganguna. Shugaba ya yi masa alama da hannu ya rage. Ya yi kamar bai gani ba.